Ku Da Kuke Kwana Kan Aya Da Waƙafi

Ƙarfe ɗayan dare ta gota, unguwa ta yi tsit, janareton maƙwabta ma ya gaji ya yi shiru. Kai kaɗai ka rage, hasken kwamfuta a fuskarka, caji ya kusa ƙarewa, ka ƙura wa layi ɗaya ido: shin lambar juzu'in mujalla ake karkatawa, ko lambar fitowa da ke cikin baka? Binciken kansa an gama shi tun kafin azumi. An raba takardun tambayoyi, an bi makarantu da asibitoci an tattaro su, an yi lissafi, an rubuta sakamako. Abin da ya tsaya maka a maƙogwaro shi ne shafuka huɗun nan na ƙarshe da aka rubuta wa Manazarta a ka. To, lambar juzu'i ce ke karkacewa tare da sunan mujalla, ta cikin baka kuwa a miƙe take. Gyara ka adana kafin kwamfutar ta ɗauke, sannan ka ba ni aron hankalinka.

Da kai nake, ɗalibin digiri na biyu ko na uku. Da ke nake, malama, ke da sai kin lallaɓa yara sun yi barci sannan ki jawo tebur. Da kai nake, mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar jami'a, wanda ake dire wa kundi ran Juma'a da yamma a ce a mayar da shi tsarin APA kafin Litinin, tamkar telan da aka kawo wa shadda a jajiberin salla. Haka ma'aikaciyar laburare, haka mataimakin editan da sunansa ba ya fitowa ko'ina a mujallar da yake kwana a kanta. Sannunku da aiki. Na san ba a yi muku tafi. Ba a taɓa tsayar da taron ƙara wa juna sani an ce wane ya miƙe a jinjina masa don waƙafinsa ya zauna daram ba. Wasu ma aikin akawu suke kiransa, wai manya su yi tunani, yara su jera sunaye. Ni ma bakina ya taɓa faɗin haka, har ranar da wani tsoho ya kunyata ni da fensir.

Maƙalata ta farko da na aika wa wata mujallar ilimin halayyar ɗan Adam a ƙasar waje, ko mako ba ta yi ba ta dawo. Ba ta ma kai hannun masu tantancewa ba. Edita ya rubuto layi uku cikin ladabi: sunayen da ke cikin rubutun ba su yi daidai da na jerin ƙarshe ba, a gyara a sake turowa in ana so. Na hau dokin zuciya, na bi ofis-ofis ina cewa ai dama adireshin Afirka suka gani. A sashenmu akwai wani dattijo mai buga takardu, wanda ya fara aiki tun zamanin tafireta. Ya bar ni na gama bambamina tas, sannan ya ce, "Malam, fitar min da ita a takarda ka kawo." Na kawo. Ya ware shafukan manazarta ya miƙo min haɗe da fensir, shi ya riƙe sauran. "Duk suna da shekarar da na ci karo da su zan karanta da ƙarfi. In ka gani a wurinka, ka yi alama. In babu, ka ce babu."

Muka fara bayan azahar. Kafin a kira la'asar na ce "babu" sau bakwai. Da muka kai ƙarshe, sunaye huɗu suka rage a hannuna ba alama, wato na jera su alhali ban ambace su ko'ina ba, ragowar wani sashe ne da na yanke na mance da su. Wani marubuci kuma a shafi na uku 1998 na ba shi, a jerin ƙarshe 1989. Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Malam, wannan karon dai Bature bai ci zalinka ba." Na ce, "Haka ne, Baba." Sai ya ɗora yatsa kan ɗaya daga cikin bakwai ɗin. "Wannan littafin yana ina? Ɗauko mu kwafi bayaninsa." Nan gumi ya karyo min. Ban taɓa ganin littafin da idona ba. A kundin wani na tsince shi, na kwaso sunan da shekarar da maganar da aka jingina masa, na zuba a nawa kamar wanda ya karanta.

Kada ku zaci ni kaɗai na taɓa wannan abin kunya. A farkon shekarun 2000 wasu masu bincike biyu a Kalifoniya, Mikhail Simkin da Vwani Roychowdhury, sun bi diddigin kurakuran bugu a yadda ake ambaton wata shahararriyar maƙalar fiziks. Suka ga kuskure iri ɗaya, lambar shafi ko ta juzu'i da wani ya rubuta ba daidai ba, yana ta maimaituwa a hannun mutanen da ba su san juna ba. Kowane malami ya san ɗalibai goma ba sa yin kuskure iri ɗaya a jarrabawa sai in an leƙa takardar wani. Daga nan suka ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu ambaton ba su buɗe abin da suke ambata ba.

A namu fannin ba sai an je da nisa ba. Duk wanda ya ratsa kwalejin ilimi ya taɓa zana dalar Maslow, abinci da ruwa a ƙasa, cikar buri a ƙoli, a gindin zanen kuma ya rubuta Maslow, 1943. Je ka buɗe maƙalar ta 1943 a mujallar Psychological Review. Babu dala a cikinta. Da kalmomi Abraham Maslow ya yi bayanin matakan buƙatu, har ya ja kunne cewa jerin ba a kafe yake kamar turke ba. Zanen daga baya ya ɓullo, wajen 1960, a rubuce-rubucen masu koyar da harkar gudanarwa, kamar yadda Todd Bridgman da abokan aikinsa suka bi sawu suka nuna a 2019. Shekara nawa muna jingina wa mutum zanen da bai yi ba, muna ma ba da maki a kai?

Ga wani da ya fi wannan nauyi. A watan Maris na 1964 aka kashe wata matashiya mai suna Kitty Genovese a birnin Niyok. Bayan mako biyu jaridar New York Times ta buga cewa mutum 38 suna kallo, ba wanda ya kira 'yan sanda. Labarin ya shige littattafan koyarwa ya yi zamansa, wannan ya kwafa daga wancan, shekara arba'in da ɗoriya. Sai a 2007 Rachel Manning da Mark Levine da Alan Collins suka koma kan takardun shari'ar, suka rubuta a mujallar American Psychologist cewa babu hujjar da ta nuna mutum 38 sun tsaya suna kallo. Waɗanda suka ga wani abu 'yan kaɗan ne, wani ma ya daka tsawa ta taga har maharin ya gudu da farko. Ita kanta jaridar daga baya ta yarda an zuba gishiri a rahoton. Gwaje-gwajen da John Darley da Bibb Latané suka yi a 1968, kan yadda mutum ke noƙewa in yana cikin taro, suna nan tsaye da ƙafafunsu. Labarin da aka riƙa yi musu shimfiɗa da shi ne ya tashi a ji-ta-ji-ta. A fannin likitanci kuwa abin har rayuka ya taɓa. Wata wasiƙa mai jimla biyar kacal da Jane Porter da Hershel Jick suka aika wa New England Journal of Medicine a 1980, kan marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, an ambace ta sau 608 zuwa 2017, akasari a matsayin hujjar cewa magungunan kashe zafi masu ƙarfi ba su cika kama mutum ba. Mafi yawan masu ambaton ko faɗa ba su yi ba cewa 'yan gadon asibiti ake magana. Wanda ya ga abin da kodin da tiramol suka yi wa samarin unguwarsu ba ya buƙatar a yi masa bayanin inda irin wannan sakacin ke kaiwa.

To ka ga mutumin da ya zauna ya tabbatar da shekara, ya tabbatar da shafi, ya buɗe asalin ya ga ko maganar tana nan, shi ne mai gadin ƙofa. Mu kuwa da muka tashi a gaban malaman zaure bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji? Har shekarar haihuwa da ta rasuwar mai ruwaya suke bincika, don su gane ko ya riski wanda ya ce ya ji daga bakinsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ban daidaita darajar wancan ilimi da maƙalar mujalla ba, Allah ya tsare. Tarbiyyar dai iri ɗaya ce: kada ka ce an ce, faɗi wanda ya ce, ka kuma nuna wa na bayanka hanyar da zai bi ya gani da idonsa. Jikan masu isnadi ya ce jera manazarta ya fi ƙarfinsa, ai abin dariya ne.

Shi tsarin APA ɗin da ke ba ku tsoro, mutane ne irinku suka zauna suka tsara shi don su rage wa kansu ciwon kai. A 1929 wasu masana halayyar ɗan Adam da masana al'adun al'umma da manajojin mujallu a Amurka suka fitar da shafuka bakwai a mujallar Psychological Bulletin kan yadda za a riƙa shirya rubutu kafin a aika. Shafi bakwai, ba ƙari. A 1952 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda tsarin ya ci sunanta, ta fitar da shi a matsayin jagora mai shafi 61. Aka sake bugu a 1974, 1983, 1994, 2001 da 2009, sannan na bakwai da ake aiki da shi yanzu ya fito a Oktoban 2019. Ga kuma abin da nake so duk wanda aka taɓa jan jar biro a kundinsa ya riƙe: bugun farko na fitowa ta shida, ta 2009, da kurakurai ya fito, har a cikin samfurin maƙalun da aka sa don a yi koyi da su. Sai da ƙungiyar ta fitar da jerin gyare-gyare, ta kuma yarda ta musanya wa waɗanda suka riga suka saya. In masu dokar sun yi tuntuɓe a kan dokarsu, kai don me za ka ce ba ka da kai saboda an dawo maka da shafi uku? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Littafin yana da kauri, amma ƙashin bayansa tambayoyi huɗu ne da ko a kasuwa ana yin su: wa ya yi, yaushe, me ya yi, a ina za a same shi. Marubuci, shekara, sunan aiki, mazauninsa. Littafi ne, babi ne, kundin digiri ne, shirin rediyo ne, rahoton ma'aikatar lafiya ne, haka za ka jera su, aya na raba tsakaninsu. Ranar da wannan ya zauna maka, rabin haddar da kake yi ta faɗi. A cikin rubutu kuma suna da shekara kawai ake so. Marubuta biyu, a kira su duka kowane lokaci, da alamar & in suna cikin baka, da cikakkiyar kalmar haɗi in suna cikin jimla. Uku zuwa sama, na farko kawai sai et al., Latinanci ne mai nufin da sauransu, ayar kuma bayan al take zama, ba bayan et ba. Ka ɗauko maganar mutum kalma da kalma, sai da lambar shafi. In ta kai kalma 40, ka cire mata alamar zance ka ware ta a nata sakin layi, a turo ta ciki rabin inci. Mutum ɗaya ya yi aiki biyu a shekara ɗaya, ka liƙa wa shekarar a da b. Sunan maƙala da ƙananan baƙaƙe yake tafiya, in ban da farkonsa da abin da ya biyo ruwa biyu da sunayen yanka, sunan mujalla kuwa kowace babbar kalma da babban baƙi. Layin farko na kowace madogara a bakin shafi yake, na ƙasa su shige ciki rabin inci. Don Allah a daina yin wannan da dukan madannin tazara har yatsa ya yi ciwo, ana sauya girman rubutu komai ya wargaje. A Word, haskaka jerin ka danna Ctrl da T, an gama.

Inda aka fi samun rikici a jami'o'inmu shi ne gauraya tsoho da sabo. Mai duba aikinka ya yi karatu da fitowa ta biyar ko ta shida, kundin da ka aro don koyi da ta shida aka yi shi, mujallar kuma ta bakwai take so. A ta shida ana rubuta garin maɗaba'a, Landan ko Ibadan ko Zariya, a ta bakwai an sauke shi. A da, marubuta uku zuwa biyar sai an kira su duka a ambaton farko, yanzu tun daga farko a taƙaice. A da, jerin ƙarshe ba ya ɗaukar fiye da suna bakwai, yanzu har 20, in sun haura a rubuta 19 na farko, a sa ɗigo uku, a rufe da na ƙarshe. Lambar DOI, wadda take kamar lambar shaidar maƙala da ba ta canzawa ko mujalla ta yi ƙaura, yanzu a siffar adireshin intanet ake rubuta ta, ba a kuma sa mata aya a ƙarshe. In malaminka ya ja maka layi a kan abin da ka san daidai ne a sabon tsari, kada ka yi musu a tsaye. Ɗauki shafin ka kai masa ofis, ka ce, "Malam, ga abin da na gani, ko ni ne ban fahimta ba?" Yawancinsu za su karɓa, wasu ma su gode. Kafin duk wannan kuma, buɗe umarnin da mujallar ta rubuta wa marubuta ka karanta daga sama har ƙasa, don akwai masu bin APA da ɗan nasu ƙari, akwai waɗanda wani tsarin daban suke bi.

Akwai wata ƙa'ida da, da na san ta, da ban ji kunya gaban Baba ba. Ba laifi ba ne ka rasa asalin littafi. Laburarenmu mun san halin da suke ciki, maƙala ɗaya a intanet kuma wani lokaci sai an biya dalolin da suka fi kuɗin cefanen mako. Tsarin ya ba ka mafita: faɗi sunan mai maganar, ka ce kamar yadda wane ya ruwaito, sannan a jerin ƙarshe ka sa wanda ka karanta ɗin kaɗai. Gaskiya ce ka faɗa, ba wanda zai kama ka. Sai dai kada ta zame maka gado, in asalin na samuwa nemo shi, ko da ta rubuta wa marubucin wasiƙa ne, da yawansu suna turowa kyauta da murna.

Sai matsalar da ta zama tamu ta gida, wadda masu littafin ba su zauna da ita sosai ba: sunayenmu. Ibrahim Yaro Yahaya ya zama Yahaya, I. Y., Sa'adu Zungur ya zama Zungur, S., wannan da sauƙi. Amma wanda ke amsa sunan gari mai kalma biyu, Birnin Kudu ko Ƙaura Namoda, sai manhaja ta datse shi gida biyu ta ba shi sunan da ko mahaifiyarsa ba za ta gane ba. Ɗ da Ƙ su koma akwati ko alamar tambaya. Mutum ɗaya ya fito yau da sunan mahaifi, gobe da na kaka, jibi da na unguwa, rumbun bayanai ya ɗauke shi mutum uku, ambatonsa ya rabu uku, ranar neman ƙarin girma ya rasa inda aikinsa ya shige. In kana ambaton wani, duba yadda shi ya rubuta sunansa a kan aikin ka bi shi. Kai kuma zaɓi siffa ɗaya tun yau ka mutu a kanta, ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar marubuci, kyauta ce, tun 2012 ake ba da ita. Aikin da aka rubuta da Hausa kuma kada ka ji nauyin sa shi: sunansa na Hausa za ka rubuta, fassarar ta biyo a baka mai kusurwa. Dattijuwar da ta yi maka bayanin yadda ake gane taɓin hankali da yadda ake renon mai shi a garinku, in ba cikin mahalarta bincikenka take ba, ita ma tana da gurbi: a cikin rubutu ake ambaton irin wannan zantawa, da suna da kwanan wata, da izininta, ba ta shiga jerin ƙarshe tunda mai karatu ba shi da inda zai je ya buɗo ta. Fitowa ta bakwai har sashe ta ware kan ilimin baka na al'ummomin asali.

Na san wani zai ce ai yanzu na'ura ke yi. Tana yi, kuma ku yi amfani da ita. Zotero kyauta ce, daga Jami'ar George Mason ta fito a 2006, ga Mendeley, ga EndNote ga mai kuɗi. Zotero har jan tuta take ɗaga maka in maƙalar da ka adana an janye ta, abin da ba ƙaramin taimako ba ne a fannin da Diederik Stapel na ƙasar Holan, wanda asirinsa ya tonu a 2011 cewa ƙirƙirar alƙaluma yake yi, aka janye masa maƙala fiye da 50, wasu kuma ba su fasa ambatonsu ba. Amma manhaja injin niƙa ce, abin da ka zuba shi take fitarwa. Ka zuba tsakuwa, ka ci tsakuwa. Ta jawo suna da manyan baƙaƙe duka, haka za ta ajiye maka. Ta ɗauki sunan ma'aikata ta mai da shi sunan mutum, ba ruwanta. Sababbin manhajojin hira da ke rubuta wa mutum komai kuwa sun zo da wata fitinar: sukan ƙago madogara mai kyan gani, da sunan masani na gaske da mujalla ta gaske da lambar shafi, alhali ba a taɓa rubuta ta ba. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu. Maganin abu ne mai sauƙi: kowace DOI ka danna ta. In ta kai ka ga maƙalar, sunan da shekarar suka yi daidai, madalla. In ta kai ka jeji, cire.

Kai kuma mai shago, kada ka yarda a riƙa lissafa maka wannan aiki da kuɗin buga shafi. Gwaninta ce daban, ka yanka mata farashinta daban, ka kuma cancanci farashin. Shafin intanet na APA Style yana da misalai kyauta na kusan kowane irin madogara, zauna da shi sati biyu ka fi wasu masu digiri sanin abin. Sharaɗi ɗaya nake roƙonka: in mai kundi ya kawo suna ba shekara, ko littafi ba maɗaba'a, kada ka cike gurbin da ka don aiki ya yi kyan gani. Ja masa layi, ka ce, "Yallaɓai, wannan sai ka nemo." Zai yi tsaki yau. Ranar da mai jarrabawa na waje ya buɗe shafin ƙarshe ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, kuma da yawansu daga nan suke farawa, zai tuna da kai, ya turo maka 'yan ajinsu.

Abin da ya sa na damu har nake wannan dogon kira shi ne wani lissafi da Jeffrey Arnett ya buga a 2008. Ya duba manyan mujallu shida na fannin daga 2003 zuwa 2007, ya tarar kashi 68 cikin 100 na rukunan mutanen da aka yi bincike a kansu 'yan Amurka ne, ƙasar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na mutanen duniya ba. Afirka ko kashi 1 ba ta samu ba. Wato ilimin da ake kira na halayyar ɗan Adam, mu ba mu cika fitowa a cikinsa ba. Kunya irin tamu, da kara, da zaman gandu, da halin da almajiri ke tashi a ciki, da abin da gudun hijira ya bari a zukatan matan Borno da Zamfara da Diffa, wa zai rubuta su yadda suke in ba ku ba? Kun yi mai wuyar. Kun shiga rana, kun shawo kan mai unguwa, kun fassara tambayoyi, kun biya kuɗin mota daga albashin da bai isa ba. Bayan duk wannan a ce maƙalar ta mutu a teburin edita, tun kafin masani ya karanta ta, saboda 1998 ta zama 1989? Wallahi da sake. Akwai ƙofofin da ba mu da mabuɗinsu, kuɗin bugawa da tsadar intanet da son kai na wasu editoci. Wannan ƙofar kam mabuɗinta yana aljihunku.

Tawa maƙalar sai da na yi wata guda kafin na samo littafin nan. Da na buɗe, maganar da na jingina masa ba haka ya faɗe ta ba, kusan kishiyarta ya faɗa. Na sake sakin layin gaba ɗaya, na sake turawa, ta wuce wurin masu tantancewa, suka zo da nasu sabon wankin, wannan kuma labarin wata rana ne.

Yanzu kashe kwamfutar ka kwanta, ido ya gaji ba ya ganin waƙafi. Gobe ka fitar da rubutun a takarda, ka nemi fensir, ka nemi mutum ɗaya, abokin karatu ne, matarka ce, mijinki ne, ƙaninka ɗan sakandare ne, ka ba shi rubutun ka riƙe jerin. Ya karanta da ƙarfi, kana yin alama. Duk wanda ka ce "babu" a kansa, ka nemo shi ka karanta, ko ka cire shi. Sannan ka tura.